Inda Kwalta Ta Ƙare: Tarihin Babur a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a zauren gidanmu a Malumfashi, na miƙa wa Kawu wayata don ya kalli wani bidiyo. Wani mutumin Sifaniya ne mai suna Toni Bou, tsaye a kan babur marar wurin zama, yana hawa wani dutse da ya fi shi tsawo. Ya ɗaga tayar gaba, ya dire a kan dutsen, ya tsaya cik kamar an dasa shi, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Kawu ya kalla har sau biyu, sannan ya mayar mini da wayar ya ce, "To, ina kayan da ya ɗauko?"

Na yi dariya na ce, "Kawu, ai wasa ne, ba kaya ake ɗauka ba." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, a ba shi buhun taki biyu a watan Agusta, a ce ya kai su bayan rafi. A nan za mu san gwani."

Kawu tsohon malamin gona ne, ya yi shekaru fiye da talatin a kan babur. Tambayarsa ce ta sa na zauna na bi tarihin wannan abin hawa a yankinmu, na kuma lura da abu guda: duk inda hanya ta gaza a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, babur ne ya ɗauki nauyin da ta bari. Alherinsa daga nan ya fito, masifar da ya jawo mana a baya-bayan nan ma daga nan ta fito.

Wasan da ya fara da gwajin inji

Wasan da ke cikin bidiyon sunansa tirayal, wato gwaji. Ya samo asali ne a Birtaniya a farkon ƙarni na 20, lokacin da babur yake sabon abu, hanyoyin karkara kuma ba su da kyau. Masu ƙera babura suna so su nuna wa jama'a cewa injinsu zai jure tudu da laka da duwatsu, sai aka riƙa shirya tafiye-tafiye na kwanaki a kan munanan hanyoyi. Mafi shahara ita ce gasar kwana shida ta Sikotilan, wadda aka fara a 1909, har yau kuma ana yin ta a tsaunukan yankin Fort William.

Ba gudu ake aunawa ba a wannan wasa. Ana shata wani yanki mai wuya, alƙali ya tsaya yana kallon ƙafar mahayi. In ya sa ƙafa a ƙasa sau ɗaya, a rubuta masa maki 1. Sau biyu, maki 2. Fiye da haka, maki 3. In ya faɗi ko ya kasa fita, maki 5. Wanda ya fi kowa ƙarancin maki shi ne ya ci. Da tafiya ta yi tafiya sai aka ƙera babura na musamman don wasan, masu nauyin kusan kilo 70, ba sirdi, tanki ɗan mitsitsi, tayoyi masu laushi da ake rage wa iska sosai don su kama dutse. An fara gasar duniya a 1975, shi kuwa Toni Bou tun 2007 yake riƙe da kambun.

Wato a Turai, da aka shimfiɗa kwalta ko'ina, hawan mummunar hanya ya koma nishaɗi. A wajenmu kwaltar ta tsaya a manyan hanyoyi, don haka gwajin bai taɓa ƙarewa ba. Kullum ana yin sa, ba alƙali, ba kofi.

Kafin babur: jaki, dogo da keke

Abin da ya ɗaga Funtuwa auduga ce da jirgin ƙasa. Ƙungiyar Turawan Ingila masu neman auduga, BCGA, wadda aka kafa a Manchesta a 1902, ta kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, har yau kuma sunan BCGA bai ɓace a bakin mutanen Funtuwa ba. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa garin. Daga nan auduga takan bi dogo ta nufi teku.

Amma dogo a tasha yake tsayawa. Tsakanin tasha da gonar talaka akwai tafiyar yini, wani wurin har da kwana. Wannan tazara jaki ne ya cike ta, da kan ɗan Adam. Turawa sun gina hanyar da za ta fitar da kaya daga kasuwar auduga zuwa inji, ba su damu da wadda za ta kai mai naƙuda asibiti ba.

Bayan jaki sai keke. Rali, wanda daga baya har masana'antarsa aka kafa a Kano, ya zama abin alfahari ga malamin makaranta da ɗan kasuwa da manomin da audugarsa ta yi kyau. A kan keke mutanenmu suka fara koyon abin da daga baya ya yi musu amfani a babur: yadda ake bin 'yar siririyar turba tsakanin kunya da kunya, yadda ake ɗaure buhu da robar tsohon tiyub, da yadda ake faci a gindin bishiya. Masu gyaran keke da yawa su ne suka rikiɗe suka zama kanikawan babur na farko.

1975: Udoji da malaman gona

Abubuwa biyu suka haɗu a tsakiyar shekarun 1970. Na farko shi ne Udoji. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta karɓi rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974, aka ƙara albashi, aka kuma biya ma'aikata ariyas a dunƙule a 1975. Ƙananan ma'aikatan da ba su taɓa riƙe kuɗi masu kauri ba suka shiga kanti. Wanda bai kai ga mota ba ya sayi Vespa ko Honda ko Suzuki ko Yamaha. Tsofaffi har yanzu suna ambaton Rodmasta da irin muryar da ake ambaton ingarman doki.

Na biyu shi ne shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Su ukun nan ne na farko a Najeriya. A lokacin babu jihar Katsina, sai a 1987 aka ƙirƙiro ta daga jihar Kaduna. Shirin ya yanka hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, ya buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri, ya baza malaman gona. A nan Kawu ya sami aiki, a nan kuma ya sami babur ɗinsa na farko, bashi ana cirewa a albashi.

Babban abin da shirin ya bari shi ne masara. A da masara ta bayan gida ce, a gasa a ci ɗanya. Da ingantaccen iri da takin zamani suka zo, ta fita fili ta zama amfanin sayarwa, har kasuwanni irin su Ɗandume da Bakori suka yi suna da ita. Masara kuwa mai son sufuri ce ta fuska biyu. Dole a kai mata taki, buhu mai kilo 50, a tsakiyar damina, daidai lokacin da hanya ta fi lalacewa. Dole kuma a fito da ita da kaka, buhu mai kusan kilo 100. Da shirin ya ƙare, gyaran burji ya ja baya, ruwa ya cinye kwalbatoci, motar ɗaukar kaya ta daina shiga wurare da dama. Buƙatar taki kuwa ba ta ragu ba.

Akwai wani labari daga can Japan da ya dace da nan. A shekarun 1970 injiniyoyin Honda sun zagaya ƙasashe masu tasowa, suka tarar mutane suna ɗora wa babur kaya fiye da ƙima, ba sa juye baƙin mai sai inji ya fara ƙara, ƙura kuma tana toshe matatar iska. Maimakon su tsaya wa'azi, sai suka ƙera CG125, mai inji sassauƙa da zai jure sakaci. Irin wannan tunani, na ƙera babur daidai da hanyar da zai bi da hannun da zai riƙe shi, shi ne ya raba baburan da suka zauna a ƙasarmu da waɗanda suka zo suka wuce. Vespa, mai ƙananan tayoyi da ciki kusa da ƙasa, ta yi kyau a cikin gari, amma burtali ya fi ƙarfinta.

Acaɓa: daga ado zuwa sana'a

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP. Darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai matsakaicin ƙarfi, kayan gyara suka yi tsada, masaƙu da sauran masana'antu suka fara tangal-tangal. Ma'aikacin da ya sayi babur don ado a zamanin Udoji ya fara ɗaukar fasinja da yamma don ya cike kuɗin cefane. Mutanen kudu suka ce okada, Sakkwatawa da mutanen Nijar suka ce kabu-kabu, mu muka ce acaɓa.

Abin da ya mayar da acaɓa sana'ar dubban matasa shi ne saukowar farashi. Wajen ƙarshen shekarun 1990 baburan Sin suka cika kasuwa, Jincheng a gaba. Injinsa irin mai ƙona fetur tare da baƙin mai ne, ga hayaƙi ga ƙara, amma yana da arha, kayan gyaransa kuma ko a kasuwar ƙauye akwai. Bayansa Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya shigo, mai inji da ke ware baƙin mai daban, ga ƙarancin shan fetur, ga dogon sirdi shimfiɗaɗɗe da zai ɗauki mutum uku ko buhu biyu. Cikin 'yan shekaru ya zama jakin wannan zamani.

Tsarin mallaka ma ya samu. Mai kuɗi ya sayi babur ya ba yaro, yaro ya riƙa kawo balas kullum ko duk mako, wani lokaci da sharaɗin in ya cika adadi babur ya zama nasa. Manomi ya sayar da masara da kaka ya sayi babur, ɗansa ya yi acaɓa da rani, in damina ta matso a sayar a sayi taki. Babur ya shiga sahun tumaki da shanu a matsayin asusun talaka.

Makarantar da ba ta da allo

Da na koma kallon bidiyoyin tirayal da idon Kawu, sai na ga darussan da masu koyar da wasan ke nanatawa duk 'yan acaɓar ƙauye sun san su, ba tare da kowa ya rubuta musu ba. A rage iskar taya in za a shiga yashi ko laka, a mayar in an hau kwalta. Kada a kalli ramin da ke gaban taya, a kalli inda ake son fita. A yashi kada a taɓa birkin gaba, kada kuma a saki wuta. A gangara a sa ƙaramar giya a bar inji ya riƙe babur. In an zo rafi a sauka a taka da ƙafa tukuna, a san zurfinsa da inda ƙasa ta fi tauri, sannan a shiga da wuta daidai ba tare da an sassauta ba, don kada ruwa ya bi ta salansa. In ruwan ya kai matatar iska, a kashe inji a nemi samarin bakin rafi su ɗaga shi su tsallakar, a biya su.

Wuri guda muka saɓa. Ɗan wasa a tsaye yake hawa, sa ƙafa a ƙasa kuma laifi ne a gare shi. Mai buhu biyu a baya da ɗaya a kan tanki ba shi da halin tsayuwa. Ƙafafunsa biyu su ne madogararsa, yana tafe yana dogarawa kamar mai tuƙa kwalekwale. Abin da alƙalin Sikotilan zai ci shi tara a kai, shi ne ke kai takin gona lafiya.

Gyara ma iliminsa daban. Bakaniken ƙauye ya san cewa da hunturu ƙura ce ke kashe inji, don haka wanke matatar iska ya fi komai. Da damina kuwa sarƙa ce ke shan wuya: laka ta haɗu da tsohon baƙin man da ake shafa mata, su zama kamar dutsen niƙa, su cinye haƙoran da take hawa. Wayoyin taya suna saki saboda nauyi, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an ɗaure. Mai walda ya ƙara wa mazaunin kaya ƙarfe. Ɗan acaɓar da ya san ciwon kansa yakan juye baƙin mai duk mako, domin ya ga yadda wanda ya yi ƙyashin kuɗin lita ɗaya ya ƙare da sayen fistin da ringi. Yaron da aka kai gareji yana ɗan shekara goma sha biyu, kafin ya kai ashirin yana iya gane ciwon inji da kunne.

Inda muka yi rauni shi ne kayan kariya. Ɗan tirayal ba ya hawa sai da hular kwano, da takalmi mai tauri har ƙwauri, da safar hannu. Namu kuwa rigar sanyi ta gwanjo ce, da rawani ko ƙyalle a hanci, da tabarau, da silifa. A ranar 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. Farashinta ya yi tsalle, fasinjoji suka ƙi sa hular da wani ya cire, jita-jitar asiri ta bazu, har aka ga masu ɗaura ƙwarya a ka a Kano don su wuce jami'ai. Dokar ta yi sanyi, aka yi dariya aka wuce. Amma duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin masu karaya ya san dariyar ba ta kai can ba. Ƙafar da ake dogarawa da ita a laka cikin silifa ita ce ta farko da kututture ke samu.

Da daji ya koyi hawa

Duk siffar da ta sa babur ya dace da manomi ta sa ya dace da ɗan bindiga. Yana bin turbar da motar jami'an tsaro ba ta bi, yana ɗaukar mutum uku, fetur kaɗan ya ishe shi, kowane bakanike yana iya gyara shi. Da ta'addanci ya taso daga dazukan iyakar Zamfara ya malalo Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, a kan babur ya zo. Ƙarar babura da yawa cikin dare, wadda a da alamar 'yan ɗaurin aure ce sun dawo, ta zama abin da ke sa uwa ta tashi 'ya'yanta a nufi gona a ɓuya.

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai fiye da 300, aka sako su bayan kwana shida. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar taƙaita matsalar tsaro. Cikin abin da ta ƙunsa akwai hana goyon mutum uku a babur, hana sayar da fetur a jarka, hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, da hana zirga-zirgar 'yan acaɓa daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daga. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi.

Ni mai rubuta manhajar kwamfuta ne, aikina ba ya tafiya sai da intanet. A waɗancan watanni na sha goya jakar kwamfuta a bayan ɗan acaɓa, mu bi ta Dayi mu nufi ɓangaren Gwarzo ta jihar Kano, in tura aikin mako guda a gindin bishiya, mu juyo kafin shida. Matsalata ƙarama ce. Wanda ke tuƙa ni yana da injin ban ruwa a fadama, ga shi an hana jarka. Yana da uwa mai hawan jini a ƙauyen da mota ba ta shiga, ga shi ciwo bai san ƙarfe shida ba. Bai taɓa cewa dokar ba ta da dalili ba, domin shi ma an sace masa ɗan uwa. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Malam, su na daji ba sa bi ta shingen bincike. Mu ne muke bi."

Ba a Katsina aka fara ba. Tun Janairu 2013 jihar Kano ta hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Amma birnin Kano yana da kwalta, A Daidaita Sahu ta maye gurbi. Mai ƙafa uku ba ta iya bin kunya, ba ta tsallake rafi. A ƙauyen da ke bayan Ƙafur ko Ɗanja, in aka cire babur babu abin da ke bayansa sai jaki, jakunan kuma an daɗe da sayar da yawancinsu.

Sai kuma ga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Cikin kwanaki lita ta ninka fiye da sau biyu. Kuɗin kai buhu daga gona zuwa bakin titi ya tashi, ya shiga cikin farashin kowane kwanon masara da ake awo a Kano da Kaduna. Wanda bai taɓa hawa acaɓa ba ma yana biyan ɗan acaɓar Ɗandume, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da tarihin ke nunawa

Shekara kusan ɗari ke nan tun da dogo ya iso Funtuwa, tazarar da ke tsakanin tasha da gona kuwa ba ta rufe ba. Jaki ya riƙe ta, keke ya karɓa, babur ya gada. Duk lokacin da hukuma ta tashi yin doka a kan babur, walau ta hular kwano ko ta tsaro, tana magana ne da abin hawa, alhali tushen maganar hanya ce. Ƙauyen da motar asibiti da motar 'yan sanda za su iya shiga a watan Agusta bai dogara da babur shi kaɗai ba, kuma ɗan bindiga bai fi jami'i saurin isa gare shi ba. Kafin a kai ga haka, mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne a riƙa zama da masu hawan nan kafin a yanke hukunci a kansu, a kuma sauƙaƙa musu hular kwano da takalmin da zai kare ƙafa, tunda su ne hanyar da ba a gina ba.

Babur ɗin Kawu na nan jingine a zaure, tayoyin sun sace, sirdin ya tsage. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya taya shi sau biyu, Kawu ya ƙi. Na tambaye shi dalili, ya ce akwai ƙauyuka goma sha ɗaya da ya fara kai wa irin masara a kansa, huɗu daga ciki yanzu ba kowa, mutanen sun yi gudun hijira. Ya ce in Allah ya sa suka koma, yana so a gyara shi in goya shi mu je ya ga ko rafin nan yana nan inda ya bar shi.

Na ce, "Kawu, ni fa ban iya shiga rafi ba."

Ya ce, "Za ka sauka ka taka da ƙafa tukuna. Sauran zan gaya maka a hanya."